Yadda Ma'aikacin Lafiya Zai Taimaki Mai Hawan Jini

Idan ka ziyarci majinyaci a gida, kada ka yi gaggawar ɗaura masa na'urar awo. Ka bari ya huta na minti 5, ya jingina bayansa, ya ɗora hannunsa daidai da ƙirji, sannan ka auna hawan jininsa ka rubuta.

Wahalar aikin tana wajen magani, domin da yawa sukan ajiye shi da zarar sun ji sauƙi, alhali cutar ba ta cika nuna alama ba. Maimakon ka tambaye shi ko yana sha, gara ya ɗauko kwalin ku ƙirga ƙwayoyin da suka rage tare. Ka tunatar da mai yi masa girki cewa kada gishirinsa ya kai giram 5 a rana. Idan awon ya haura 180/120, musamman tare da ciwon ƙirji, a garzaya da shi asibiti.