Yadda nake ɗaura wa sarƙar babur na'urar ɗiga mai

Gyaran famfunan burtsatse nake yi, ƙauye-ƙauye, tsakanin Dutse da Birnin Kudu, kuma babur ne ƙafata. Babur ɗina sarƙarsa a buɗe take, ba ta da rufin nan da ake gani a jikin Boxer, don haka duk ƙurar hanya a kanta take sauka. Da can baƙin mai nake kwarara mata idan na ji ta fara ƙara. Yashi ya manne, ya haɗu da man ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, ya cinye sarƙar da haƙoran faifan baya tun kafin lokacinsu. Abin da ya sa na koma ga na'urar da ke ɗiga mai da kanta ke nan.

Na'urar ba ta da wani sarƙaƙiya: 'yar kwalba ce ta mai, da siririn tiyo, da ɗan baki a ƙarshensa. Bambancin yana wajen abin da ke buɗe wa man hanya. Scottoiler, kamfanin ƙasar Sikotilan da ya yi suna a wannan harka, yana da samfurin da zuƙar iskar inji ke buɗe bawul ɗinsa. Ka tayar da babur mai ya fara sauka, ka kashe ya tsaya. Tutoro na Ingila kuwa girgizar tafiya ce ke ɗaga wani ɗan ƙarfe mai nauyi a ciki. Akwai masu aiki da batir, akwai kuma waɗanda kai ne za ka murɗa ko ka matsa da hannu. Kafin ka sayi mai zuƙar iska, leƙa tsakanin kafireto da inji ka ga ko akwai wurin jona tiyo. Ƙananan babura da yawa ba su da shi, kuma ban ba da shawarar a huda wurin ba. Idan babu, ɗauki mai girgiza.

Fara da wanke sarƙa da kananzir da tsohon buroshi, ka goge da tsumma. Kada ka sa fetur, musamman idan sarƙarka mai 'yan zobban roba ce tsakanin haɗe-haɗenta, domin zobban nan su ke tsare giris ɗin da aka rufe a ciki tun daga masana'anta. Kuma don Allah a kashe inji. A ɗaga babur a kan ƙafar tsakiya a juya taya da hannu. Mutane sun rasa yatsu saboda goge sarƙa babur yana kan giya.

Kwalbar ka nema mata wuri a tsaye, nesa da salansa da zafin inji. Tawa tana ɗaure a jikin ƙarfen da ke ƙarƙashin kujera, inda nake iya ganin yawan man ba sai na kwance komai ba. Tiyon ya bi ƙarfen da ke riƙe da tayar baya, a ɗaure shi wuri-wuri, amma a bar masa ɗan sako-sako a inda ƙarfen ke hawa da sauka. In ka ja shi tsam, ramin farko zai fizge shi.

Inda aikin yake shi ne wajen ɗora bakin. Ba a saman sarƙa ake ɗiga man ba, ko da yake nan ne hankali ke fara kai mutum. Man da ya sauka a bayan sarƙa gudu ne zai watsar da shi kan taya. Bakin zai taɓa gefen faifan haƙora na baya ne, taɓawa kaɗan, daga ƙasa, gab da inda sarƙa ke hawa faifan. In ka ɗauki faifan a matsayin fuskar agogo, wajen ƙarfe shida zuwa bakwai. Juyawar faifan ita za ta tura man cikin sarƙar, inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Bayan ka ɗaure, juya taya gaba, ka sake juya ta baya, ka tabbata haƙori ko kan noti ba ya kama bakin. Wannan juyawa ta baya kada ka tsallake ta, don kullum muna tura babur baya wajen fita daga zaure.

Sai a cika tiyo da mai har kumfar iska ta ƙare. Daga nan ka zauna da agogo. Ɗigo ɗaya a minti ɗaya shi ne ma'aunin da ake farawa da shi, kuma na san zai yi maka kama da kaɗan. Ni ma haka na gani, na ƙara buɗewa, da na dawo gida na tarar da mai ya yi fatsi-fatsi har gefen tayar baya. Mai a kan taya haɗari ne a kwana, ba wasa. Mai girgiza ba ya ɗiga a tsaye, shi sai ka yi tafiya ka sauka ka duba. Abin da kake nema sarƙa mai ɗan danshi da ƙyalli, ba mai tsiyaya ba.

Yanayinmu yana canza lissafin. Zafi yana tsinka mai, sanyi yana kaurara shi. Scottoiler ma cikin man da yake sayarwa akwai shuɗi na digiri 0 zuwa 30, akwai ja na digiri 20 zuwa 40, mu kuwa a watan Afrilu rana kan wuce 40. Saitin da ya dace da sanyin safiyar hunturu zai yi ambaliya a bazara, sai ka rage. Da damina, idan na ratsa ruwa da taɓo, nakan ƙara kaɗan na kwana ɗaya ko biyu. Man giya mai lamba 80 ko 90 yana aiki a wasu na'urori, amma ka duba takardar taka tukuna.

Na'urar ba ta ɗaure sarƙa, ba ta kuma wanke ta. Duk Juma'a da safe nakan goge ƙurar da tsumma, in danna tsakiyar sarƙar da yatsa in ga motsinta bai wuce milimita 20 zuwa 30 da littafin babur ɗina ya ce ba, sannan in tsokane bakin da siririyar waya, don ƙurar hunturu takan toshe shi.