Ɗiya, jinjiri da bebe: kurakuran da muke yi in anka yi haihuwa

Watan jiya ƙanwata ta sauka nan Yamai. Mu mutanen Tawa ne amma muna da dangi Sakkwato da Kano, kuma duk muna cikin gurup guda na WhatsApp, to mijinta don murna sai ya yi maza ya rubuta "Alhamdulillahi an samu diya". Ba a yi minti biyar ba wani ɗan baffanmu da ya tashi Kano ya kira ni hankalinshi tashe, wai diyyar me kuma, hatsari aka yi? Shi tsakani da Allah abin da ya karanta ke nan, kuɗin da ake biyan wanda anka yi ma rauni ko anka kashe mishi ɗan uwa. Abin ya tsaya mini a rai, labarin farin ciki ya isa wurin mutum da kamannin labarin musiba saboda harafi guda.

Kalmar ɗiya ita ta fi rikita mutane, shi ya sa zan daɗe kanta. A Hausarmu ta Adar, haka Konni, Maradi, Sakkwato, ɗiya tana nufin mace guda, abin da Bakano ke ce ma ƴa. Amma kuma ita dai wannan kalma muke faɗa ma yara da yawa maza da mata, wato ƴaƴa, a baki karin sautin ne ke raba su kunnen ɗan gida kuma ba ya ɓata, a rubuce kuwa babu bambanci ko kaɗan. Mutanen Kano sun san ɗiya mace, ta jam'in ce da yawansu ba su saba da ita ba. Na ga wannan da idona, innarmu ta gaida matar yayanmu wadda ƴar Kano ce, ta ce mata ina gida ina ɗiya, baiwar Allah ta yi shiru ta ce Inna ai duka ukun maza ne. Inna kuwa yaran gaba ɗaya take tambaya.

Gyaran ba shi da wuya in ka lura da abin da ke bin kalmar. Ɗiyata mace guda ce, ɗiyana su da yawa ne. Ɗiyarta, ko ɗiyatta yadda muke faɗi, guda ce, ɗiyanta jam'i. Haka ɗiyan itace da muke cewa su ne ƴaƴan itace na Kano. To in kana sanar da haihuwa kar ka bar kalmar tsirara, ka ce an samu ɗiya mace, ko an samu ɗa namiji, in tagwaye ne ka ce ɗiya biyu ka faɗi ko Hasan da Husaini ne ko Hasana da Husaina. Kalma guda ka ƙara, kowa ya gane daga Abalak har Zariya.

Sai maganar ƙugiya. Wallahi wanga kuskure ya fi kowane muni kuma kullum sai na gan shi a Facebook: "mun samu karuwa a gidanmu". Ƙaruwa da ƙ mai ƙugiya ita ce haihuwa, in ka cire ƙugiyar kowa ya san mi ka rubuta, kuma a kan hoton matarka da jinjirinta ka rubuta shi. Na san mutane sun saba suna ganewa, amma ba magana ce da ta dace da ranar ba. Gboard, manhajar rubutu ta waya, na da Hausa, ka shiga saiti ka ƙara ta za ka samu ɓ da ɗ da ƙ. In wayarka ba ta yi, ka rubuta k'aruwa da d'iya, ko qaruwa yadda matasa ke yi, duk sun fi a bar shi haka nan. Ƴaƴa ma haka, in ka rubuta "yayanta" ba a san ko yaranta kake nufi ko wanta ba. Mu nan Nijar tun 1999 ƙa'idar rubutunmu ƴ ta ɗauka, Najeriya suna rubuta 'y, duk wanda ka yi daidai ne, kar dai ka bar y ita kaɗai.

Jinjiri da jariri kuwa, nan kuskuren na masu gyara ne. Akwai yaranmu da sunka saba da Hausar BBC da RFI da ta finafinan Kano, in tsohuwa ta ce jinjiri sai su ce a'a Kaka jariri ake cewa. Ba haka ba ne. Duka biyun Hausa ce tsantsa kuma abu guda suke nufi, yaro sabon haihuwa, mu dai bakinmu ya fi kama jinjiri, rediyo da littattafai sun fi yawaita jariri. Su ma masu cewa jariri in azumi ya matso jinjirin wata suke fita nema. Na sha jin gardama a wurin suna, wani ya ce jariri ne ƙarami in ya yi arba'in ya koma jinjiri, wani ya ce a'a akasin haka ne, kowa da abin da ya taras gidansu. Ni shawarata kar ka dogara da kalmar wajen faɗin girman yaro. In bai kai wata tara a ciki ba bakwaini ne, in shina bayan uwa ɗan goyo ne, in ƙarami ne ƙwarai a ce ɗanyen goyo gare ta, in an cire shi daga nono an yaye shi, in kuma kwanaki ake so ka faɗi kwanakin kawai.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne bebe. Nan Yamai Faransanci ya shiga bakinmu, matan da sunka yi lakkwal, wato boko, da ungozomomi duk bebe suke cewa, ya bebe, bebe ya sha nono, har mun daina jin komi. Amma bebe a Hausa mutum ne wanda ba ya magana, macen bebiya. Ranar sunan ɗiyar ƙanwata wata maƙwabciyarmu ta unguwar Bukoki ta shigo da sabulu da turmin atamfa tana ta fara'a, ta ce ma kakarmu da ta zo daga ƙauye Hajiya ina beben namu, tsohuwa ta ɗaure fuska ta janyo jinjirar jikinta ta ce Allah shi tsare, baki shi ke yanka wuya. Sai da anka zauna anka yi mata bayani, duk da haka har ta koma gida ba ta saki jiki da matar ba. Kuma ni ban ga laifin tsohuwa ba, yarinya kwana bakwai a duniya a kira ta da sunan lalura gaban kakarta. Ƴan Najeriya bebi suke cewa daga Turancin Ingilishi don haka su abin bai same su ba, amma in ka rubuta musu "an haifi bebe" jaje za su yi maka. Tsakaninku ƴan birni ku faɗi abinku, gaban tsofaffi da cikin rubutu a koma ma jinjiri.

Ƙarami guda da ya shafi masu zuwa barka daga Najeriya: in mun ce mai jego na likita, wurin muke nufi, abin da ku kuke ce ma asibiti, mai duba marar lafiya kuwa lokotoro muke ce mishi. Don haka in anka ce an kai jinjiri likita, sai ka tambayi wace unguwa take ka kama hanya.