Kafin ka yi musayar tsohuwar tarakta, bari man haidirolik ya yi zafi

Daga ƙarshen kaka zuwa faɗuwar damina ba na rasa wanda zai zo mini da tarakta a kan tirela, fuska a murtuke, wai ya yi musaya ya ba da ciko, ga shi garma ta ƙi tashi. In ka tambaye shi me ya duba, sai ya ce inji ya tashi bugu ɗaya, ba hayaƙi, tayoyi da sauransu. To bayan taraktar fa? Shiru. Alhali abin da ya sa Ferguson ta zama Ferguson ke nan: hannuwan nan uku na baya masu ɗaga garma da ƙarfin matsin mai, wato haidirolik, waɗanda Harry Ferguson ya ƙirƙiro, aka sa wa Ford 9N a 1939, aka sa wa TE20 da aka fara ƙerawa a Coventry ta Ingila a 1946. Tarakta mai mataccen haidirolik amalanke ce mai shan gas.

Babban kuskure, wanda ni ma ya taɓa cin kuɗina, shi ne gwaji da sanyin safiya, hannuwa ba kaya. Lokacin hunturu ne, na je na ba da Massey Ferguson (MF) 135 tawa, lafiyayya, na karɓi 165 don ina son jan haro mai faɗi. Mai ita ya tayar, ya ja liba, hannuwa suka yi sama zuruf. Har ya ce wa yaronsa ya hau ya tsaya a kai, ya ce, "Alhaji, ka gani da idonka." Na gani kuwa. Yaron da bai kai buhun masara nauyi ba! Na ƙirga ciko na miƙa. Ranar da na shiga gona, awa ɗaya ana aiki, rana ta take, na zo ƙarshen kunya na ja liba, haro ya ɗago kamar taƙi ɗaya ya tsaya yana kakkarwa. Da muka kwance matoshin ƙasa, abin da ya zubo kamar zuma: man giya mai kauri ne aka ɗura don ya toshe gibin da famfo da zoben fiston suka ci. Mai in ya yi sanyi kauri yake, yana rufa wa tsohon famfo asiri. Ya yi zafi ya tsinke, sai ya riƙa sulalewa ta inda ƙarfe ya cinye.

Tun daga ranar ba na yarda da gwajin da bai kai minti 40 ba. Ina zuwa da haro nawa, ba na mai ita ba, in ɗaura wa taraktocin biyu, tawa da tasa, kaya iri ɗaya. In yi aiki har murfin da ke ƙarƙashin kujera ya yi ɗumi a hannu, in ɗaga kayan, in kashe inji, in zauna in sha shayi. Tsohuwar tarakta dole ta ɗan sauke a hankali, wannan ba laifi ba ne. Amma in kafin na gama kofi haro ya taɓa ƙasa, silinda na yoyo. In kuma inji na aiki ka ga hannuwa suna sauka kaɗan suna zabura sama kamar mai shaƙuwa, labarin ɗaya ne. A Massey akwai zagayayyen murfi a gefe. Buɗe ka haska da tocila ka ga ko mai na tsiyaya daga sama. Ido kawai, kada ka kuskura ka sa hannu inji na juyawa. Mai tarakta da ya ce sauri yake, ba zai jira mai ya yi zafi ba, ka yi masa sallama.

Na biyu, kuma nan ne samarin yanzu ke ba ni haushi: a jera taraktoci biyu da tsarinsu ba ɗaya ba, a ce wannan ta fi waccan. A Ford 8N da TE20, sandar PTO, wato sandar baya da ke juya kayan aikin da aka ɗaura wa tarakta, ita ce ke juya famfo, saboda haka ka taka kuloci, haidirolik ya tsaya. Ba lalacewa ba ce, haka aka yi su. Ford ba ta gyara wannan ba sai a 1953 da ta fito da NAA mai famfo a jikin inji. MF 35 da 135 masu kuloci hawa biyu kuwa, ka taka rabi tarakta ta tsaya, famfo na ci gaba da aiki. Na ga wanda ya rage wa mutum kuɗi saboda "matsalar" tsayuwar haidirolik in an taka kuloci, na kuma ga wanda ya karɓi 135 da aka ɓata saitin kulocinta, hawa na biyun ya ɓace, bai ma san akwai shi ba. Ka san abin da kake kwatantawa mana! Haka John Deere 4020: tsarinta rufaffe ne, famfo na riƙe da matsi yana jira sai an buƙata. Ka ɗauko bawul ɗin loda na Massey ka ɗaura mata, mai zai yi ta zagayawa yana zafi har sitiyari da birki su rasa ƙarfi, don duk daga famfo ɗaya suke sha.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Mai da ya yi fari kamar kunun gyaɗa ruwa ne ya shiga, galibi ta yagaggiyar robar sandar giya. Libar da ke daidaita zurfin garma, wadda ke jin nauyin ƙasa ta hannun sama, takan daskare a taraktar da ta shekara tana jan tirelar yashi kawai. A fili ba za ka gane ba, sai an kafa garma a ƙasa. Famfon ƙananan Massey bai wuce galan huɗu zuwa biyar a minti ba, ya ishi garma, amma in loda kake nufi za ka tsufa kana jiran bokiti ya tashi. Ka auna ramin fil da ke maƙala kayan aiki a hannuwan baya: ƙaramin aji milimita 22 ne, na gaba 28, kada ka koma gida kayan aikinka su ƙi shiga. Walda a hannun ɗagawa alama ce an taɓa ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta.

Ni dai ina tafe da agogon matsi a cikin buhu, in ɗaura in gwada da lambar da ke littafin taraktar. Wasu abokan sana'a na yi mini dariya, wai kunne ya isa. Kunnena ne ya sa na ba da 135 ɗina, kuma har yau tana can tana huɗa a gonar wani.