Idan Tunkiya Ta Ƙi Ɗanta

Yawanci tunkiya mai haihuwar fari ce ke yin haka, ko wadda ta haifi tagwaye ta rungumi ɗaya. Ni dai ba na gaggawar ɗauko bulunboti. Na fi son in ɗaure uwar a turke, in riƙe ta, in kai bakin ɗan kan hantsa. Dakashin nan mai kauri, launin ɗorawa, dole ya shiga cikinsa a awannin farko, shi ne garkuwarsa. In ta yi ta shuri, tatso a kofi mai tsabta ka ba shi. Jinjiri mai kilo 3 yakan sha kamar mililita 150 a zama ɗaya.

Goge shi da tsumma, tsoma cibiya a aidin, musamman a hunturu ka shimfiɗa masa buhu a zaure.

In uwar ta kafe, madarar akuya mai ɗumi ta fi. Kada ka ba shi nonon kasuwa mai tsami, zawo zai kama shi. Kuma a tsaye zai sha, kai ɗan sama kaɗan. In ka kwantar da shi rigingine, madara huhu za ta bi. Bayan mako 2 ajiye masa dusa da ganyen harawa ya fara tsakura.