Yadda zaki yi da ƙaramar 'yar aikatau, ko a gidanki take ko a maƙwabta

Da sanyin da ya wuce naje barka gidan wata 'yar uwa, na tarar da yarinya tsugunne a bakin famfo tana kankare tukunyar tuwo, tukunyar da in ta shiga ciki bazaki ganta ba. Hannunta duk ya faffashe saboda omo da ruwan sanyi. Na tambayeta shekarunta tace bata sani ba, amma da ta buɗe baki naga giɓi, haƙoran gaba ma basu gama fitowa ba. Yaran gidan kuwa suna falo suna kallon katun, kuma akwai wadda ta girmeta a cikinsu. Tun ranar abin yake cina, shiyasa nace bari na rubuta abinda na sani ko wata zata amfana.

Abu na farko ki san shekarun yarinyar, kar ki yarda da na bakin dillaliya don kullum sai ta ƙara. Mata da yawa basu san akwai doka a kai ba. Dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, hukuncinsa ɗauri daga wata 6 har zuwa shekara 7, kuma ba wadda ta kawota kaɗai ba har ke da kika karɓa. Toh in ƙarama ce maganar ɗaya ce, gida zata koma. Amma dan Allah kar ki miƙa ta ga dillaliyar kice ta mayar, wallahi kafin sati tana wani gidan a wata unguwa. Ki kaita da kanki ko ki haɗa ta da wanda kika yarda dashi har hannun uwarta.

Anan ne aikin yake, don mayarwa kaɗai bata magance komai. Ki zauna da uwar ki tambayeta cikin mutunci me yasa ta turota. Galibi amsa biyu zaki ji, ko dai kayan ɗaki ake tarawa, gado da katifa da kwanuka, don kar ranar biki a yi musu dariya a gari, ko kuma abinci ne ya ƙare a rumbu tun kafin kaka. Ba uwar da bata son 'yarta, babu ce take sa haka. Kuma ki tambayeta nawa yake zuwa hannunta duk wata, anan zaki sha mamaki don sau da yawa abinda kike bayarwa daban, abinda ya isa ƙauye daban, dillaliya ta yanki nata a hanya, wani lokacin ma kuɗin watan farko gaba ɗaya nata ne. In kika mayar da yarinya hannu rabbana toh kin cire musu ɗan abinda suke samu ne kawai, gobe faranti za'a ɗora mata a kai ta tafi talla tasha, wanda shima ga irin nasa haɗarin. Saboda haka kuɗin da dama kike biya ki tara na wata uku ko huɗu ki bawa uwar jari, ƙuli-ƙuli ne ko daddawa ko awara, wadda dai ta iya ba wadda ke kike so ba. Ni nafi son akuya gaskiya, wata biyar take ɗaukar ciki kuma ga yawan tagwaye, kafin yarinyar ta isa aure an samu na kayan ɗaki. Sharaɗi ɗaya zaki gindaya a gaban mahaifinta ko mai unguwarsu, a sakata makaranta, kuma ki karɓi lambar waya ki riƙa bibiya.

In kuma ta ɗan tasa, kamar 14 ko 15, kuma iyayenta sun yarda ta zauna wajenki, toh amana kika ɗauka. Albashinta ya tafi kai tsaye ga uwarta, yanzu ƙauyuka da yawa akwai mai POS, ko ki buɗe mata asusu ko ki zuba mata adashi da saninta. Ki sakata boko. Dokar ilimin bai ɗaya (UBE) ta 2004 tace firamare shida da ƙaramar sakandare uku kyauta ne kuma dole ne, naki kawai yunifom da littattafai da ɗan kuɗin tara. In ta wuce shekarun aji ɗaya tana jin kunyar zama da ƙanana akwai ajin yaƙi da jahilci, ga Islamiyya da yamma. Kar kice waye zai yi aikin safe, ai 'ya'yanki ma suna da hannu.

Wajen kwana shine abinda nafi so ki kula dashi. Banda kicin, banda falo, banda duk inda samarin gida ko baƙi ko direba suke wucewa da dare. Ta kwana ɗakin 'yan matanki ko ɗaki mai sakata ta ciki, kuma ki sake mata fuska yadda in wani ya taɓa ta zata iya faɗa miki ba tare da tsoron ace ƙarya take ba. Abinci kuwa Annabi SAW ya riga ya yanke, a hadisin Abu Zarri yace masu yi mana hidima 'yan uwanmu ne, mu ciyar dasu abinda muke ci, mu tufatar dasu irin abinda muke sawa, kar mu ɗora musu abinda yafi ƙarfinsu. Kenan ba ƙanzo da ragowar yara ba. Ki barta ta kira uwarta duk sati, da sallah taje gida da ɗinkinta.

Toh in ba gidanki bane, maƙwabta ne kike jiyo kuka ko kika ga shatin bulala ko ƙuna a jikinta fa? Kar ki faɗa gidan da faɗa, kina fita ita zata sha dukan. Kuma kar ki ɗauki hotonta ki saka a Facebook ko TikTok, tonon asirin yarinyar ne. Ki samu matar gidan ku biyu ki yi mata magana a hankali, wata bata ma san laifi take yi ba. In bata ji ba sai mai unguwa ko limamin unguwa, in abin ya wuce nan ga Hisbah, ga ma'aikatar mata ta jiha, ga NAPTIP da suke da ofis a Kano da Sakkwato da Maiduguri. Ki riƙe ranakun da abin ya faru da abinda kika gani da idonki don zasu tambaya.

In kuwa fyaɗe ne babu maganar a rufa asiri ko a sasanta a zaure. Asibiti za'a fara zuwa cikin awa 72, saboda maganin kariya daga cutar ƙanjamau a cikin wannan lokacin yake aiki, kuma kar a wanke kayan da ke jikinta, a naɗe su a tafi dasu. A Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala da aka ware don irin wannan, daga nan sai a kai rahoto wajen 'yan sanda, kuma a kira iyayenta a ranar.