Yadda Ake Koyar da Karatu da Littafin Hotunan Lokutan Shekara a Legas

Malamin da ke riƙe da 'yan aji 1 ko aji 2 a Agege ko Idi-Araba ya kamata ya duba littafin tun kafin ya shiga aji da shi, domin littattafan da ake shigowa da su daga Turai cike suke da dusar ƙanƙara, abin da yaron da aka haifa a Legas bai taɓa gani ba. Ko wanda aka rubuta da yanayin Kano, mai damina da kaka da hunturu da bazara, sai an yi masa kwaskwarima, saboda a nan Legas ruwa kan sauka tun Maris ko Afrilu, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo har Oktoba, hunturun kuwa bai wuce ɗan hazon Disamba da Janairu ba.

Don haka kada a bi littafin daga bango zuwa bango. A buɗe shafin da ya dace da abin da ke faruwa a waje. Ranar da yara suka iso da jiƙaƙƙun takalma, ranar shafin damina ce.

A rufe rubutun da 'yar takarda, a ɗaga hoton ana zagayawa tsakanin bencina, a bar yara su faɗi abin da suka gani. Kalmomin da suka fito daga bakinsu, irin su laima da taɓo da masara, su za a rubuta a allo, a rarraba su gaɓa-gaɓa ana tafawa: ma-sa-ra. A nan ne ya dace malami ya daɗe, musamman a kan haruffa masu lanƙwasa, tun da yaron da ya tashi cikin Yarbanci da Turancin buroka yakan furta ƙafa kamar kafa, kuma yadda ya furta haka zai rubuta. Sai bayan wannan za a janye takardar, malami ya karanta jimlar yana bin ta da yatsa, sannan yaro ya fito ya nemo kalmar da ke allo a cikin shafin. Minti 20 sun wadatar.

Shafin kaka ya fi wuya, don da yawa daga cikin yaran ba su taɓa ganin rumbu ba. A zo da tiyar gero ko wake daga kasuwar Mile 12 su taɓa da hannunsu, sannan a ba wanda ya taɓa zuwa gida hutu dama ya ba sauran labarin girbi.