Yadda ake buga siffofin lissafi da firintar 3D: a fara da sirdi

Malamin sakandare daga Kawo a Kaduna ko ɗalibin foli mai shirin furojet, duk wanda ya zo da siffarsa a fulash don a buga masa, kusan a wuri ɗaya yake tuntuɓe. Siffar tana juyawa a allon kwamfuta gwanin sha'awa, amma da an zuba ta cikin Cura, manhajar da ke yanka siffa hawa-hawa ta shirya wa firinta aiki, sai a ga farantin da ake bugu a kai fayau, ko a ga tsakiyar ta fito gefuna sun ɓace. Dalilin yana cikin darasin da malamin ke koyarwa da kansa: shimfiɗar lissafi tana da tsawo da faɗi, ba ta da kauri ko na silin gashi. Ita kuwa firinta roba take narkarwa ta fitar ta baki mai faɗin milimita 0.4. Duk abin da ya fi wannan siranta, a wurinta babu shi.

Haɗa firinta da daidaita faranti ba su cikin wannan bayani. Wanda ya sayi firinta irin Ender 3 ya riga ya sha wannan wahalar. Abin da kake buƙata shi ne Blender da OpenSCAD, manhajojin zana siffa, da kuma Cura, dukkansu kyauta, sai zaren robar PLA mai kaurin milimita 1.75. Fari ko ruwan toka za ka saya. Baƙi yana ɓoye lanƙwasa, mai sheƙi kuma yana ɗauke idon yaro daga siffar.

Kada ka fara da kwalbar Klein, wadda ba ta da ciki da waje, komai burge ka da ta yi. Fara da sirdi, wato shimfiɗar nan da ke hawa ta gaba da baya, tana sauka ta dama da hagu. Yaron da ya taɓa kallon hawan sallah ya san ta tun kafin ka rubuta komai a allo.

A Blender ka kunna ƙarin kayan aikin da ake kira Extra Objects, ka zaɓi Z Math Surface. A gurbin lissafi ka rubuta (x**2 - y**2)/60, faɗi da tsawo ka ba su 60 kowanne, rabe-raben raga kuma 64 ko sama da haka, don kada lanƙwasar ta fito da ƙusoshi. Ka lura da ma'auni tun yanzu. Fayil ɗin STL, wanda za ka kai wa Cura, ba ya ɗauke da mita ko inci, lambobi ne tsura, Cura kuma tana karanta kowace lamba a matsayin milimita. Wanda ya bar x daga −1 zuwa 1 yadda ya saba a takardar giraf, sirdinsa zai fito milimita 2, ya yi ta nemansa a kan faranti.

Wannan 60 da aka raba da ita ba ado ba ce. Gangaren shimfiɗar ta ɓangaren x shi ne 2x a raba da 60. A bakin gefe, inda x take 30, gangaren ya zama 1, wato digiri 45 cif. Idan ka cire ta ka bar x² − y² zalla, gangaren a gefe zai kai 60, wato kusan digiri 90, bango ne a tsaye, tsayin kuma ya haura milimita 900, alhali Ender 3 ba ta wuce 250 sama.

Yanzu kauri, inda na ce ake faɗuwa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka shiga Edit Mode, ka zaɓi duka da A, ka danna E, sannan Z, ka rubuta −3. Ka jawo shimfiɗar ƙasa da milimita 3 ke nan, ta zama abu mai sama da ƙasa da gefe. Mutane da yawa suna rubuta 1, wai don tsimin roba, kuma a tsakiyar sirdi inda yake kwance, 1 ɗin 1 ce. Matsalar ita ce kaurin da ka bayar a tsaye ne, kaurin da hannu ke ji kuwa ta gicciye ake auna shi, kuma yana raguwa gwargwadon yadda gangare ya ƙaru. A digiri 45 ana ninka shi da kusan 0.7. A digiri 60 rabi ne ya rage. A kusurwoyi huɗu na sirdinmu, inda gangaren x da na y suka haɗu, raba shi ake da tushen 3. Milimita 1 ta koma 0.58, da ƙyar ta ɗauki layin roba guda. Milimita 2 ta koma 1.15, za ta bugu amma ɗan aji ɗaya zai ɓalle ta ranar farko. Milimita 3 ta koma 1.7, layi huɗu ke nan, ita nake so. Wanda kuma ya cire 60 ɗin nan, ko da 3 ya rubuta, a gefe kaurinsa 0.05 ne. Shi ya sa yake ganin tsakiya ta fito, gefe babu.

Ƙa'idata ita ce kada wani wuri a jikin siffa ya gaza milimita 1.6. Akwai masu buga 0.8 su zauna lafiya, amma nasu a kan kanta yake zaune, ba ya yawo daga benci zuwa benci a aji mai yara sittin.

Wani zai ce ai Blender tana da Solidify, wanda ke ba da kauri iri ɗaya ko'ina. Haka ne, kuma za mu zo kansa. Ga sirdi dai ban yarda da shi ba, saboda yana karkatar da bakin gefe, siffar ta kasa zama daram a kan faranti. Jawowa a tsaye tana barin gefe a miƙe, kuma fuskar sama da ta ƙasa duk suna bin lissafin daidai.

Bayan ka ba da kauri, danna Shift da N don fuskokin raga duka su dubi waje. Sai ka duba da 3D Print Toolbox, ka tabbata adadin gefunan da ba su rufe ba sifiri ne. Idan akwai ɓula ko ɗaya, Cura ba ta san ina ne ciki ina ne waje ba, sai ta cike inda bai kamata ba ko ta tsallake hawa. Fitar da STL.

A Cura kada ka kwantar da sirdin yadda yake a littafi. Firinta gini take yi irin na magini, sahu kan sahu, ba ta iya ɗora tubali a iska. Kowane hawa zai iya leƙowa kaɗan daga na ƙasansa, iyakar da aka saba dogara da ita digiri 45 ce daga tsaye. Sirdi a kwance ƙasansa duk rataye yake, sai an cika shi da matokara, ka zo kana ɓamɓara da filaya, fuskar ƙasa ta fito kaca-kaca. Juya shi da digiri 90 ya tsaya a kan gefensa. Tunda gangarensa mafi tsanani ta wannan fuskar digiri 45 ne, zai hau ba matokari ko ɗaya. Ga amfanin 60 na biyu. Ƙafarsa siririya ce, don haka ka kunna Brim, leɓen roba da ake shimfiɗawa kewaye da gindi, ka ba shi milimita 8. Kaurin hawa 0.2, wanda ya ba ka hawa 300. Bango huɗu. Zafin baki 200 zuwa 205, faranti 60, fanka a buɗe duka bayan hawan farko.

Maganar kuɗi kuwa, 60 sau 60 sau 3 ya ba da santimita kubik 10.8, PLA kuma tana da nauyin giram 1.24 a kowanne, ka ga giram 13 da ɗoriya. Naɗi ɗaya na kilo guda zai fitar da sirdi sama da 70. Zaren daga Legas ko Chaina yake zuwa, farashinsa yana bin dala, amma tsimin milimita ɗaya ba shi zai cece ka ba. Bugun da ya lalace a rabi shi ke cin roba.

Idan ya fito, ka ɓare leɓen, ka karyo tsinken tsintsiya miƙaƙƙe ka ɗora shi daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta. Zai kwanta lif a jikin shimfiɗar, babu inda haske ke ratsawa. Matsa shi gefe ba tare da ka karkata shi daga wannan jiha ba, har yanzu a kwance yake. Ai x² − y² shi ne (x − y)(x + y), idan ka tsayar da ɗaya, ɗayan miƙaƙƙen layi ne. Yara sukan karɓi tsinken su gwada da kansu, wani har ya ce, «Malam, ko dai tsinken ne ya lanƙwashe?» Sai ka ba shi rula.

Daga nan za ka iya matsawa zuwa zoben Möbius, wato ziri da aka yi wa rabin murɗi aka haɗa bakinsa biyu, wanda August Möbius da Johann Listing, Jamusawa biyu, suka gano kowa daban a 1858. A nan jawowa a tsaye ba ta aiki, Solidify ne dole, kuma ka sauya shi daga Simple zuwa Complex. Zoben fuska ɗaya gare shi. Simple yana tura kauri zuwa ɓangaren da ya ɗauka waje ne, ya zagayo ya tarar wajen ya koma ciki, sai ya bar tsaga a mahaɗa. Complex yana iya masa, yana kuma iya wa kwalbar da Felix Klein ya bayyana a 1882. Su biyun suna son matokara, ka zaɓi irin mai reshe.

Siffofi masu ciki ba su da wannan rigimar, a OpenSCAD layi biyu ne. Mazugi shi ne cylinder(h=50, r1=25, r2=0), ka sa $fn=96 don da'irar ta yi sumul. Idan kana son nuna cewa mazugi uku ke cika silinda, ma'aunin ciki ne zai zo ɗaya, ba na waje ba, kuma ka auna da gero ko yashi, don bugun roba yakan yi yoyo. Siffofin Plato biyar, wato masu fuska 4, 6, 8, 12 da 20, kowacce a kwantar da ita a kan fuska ɗaya. Mai fuska 12 tana hawa lami lafiya. Mai fuska 20 ta ɗan wuce digiri 45, sai ka rage gudu. Ƙwallo a raba shi biyu a manna da sufa gulu.

Sauran na garinmu ne. Kada ka fara bugu a kan wutar layi kai tsaye, ka ɗora firinta a kan inbata. Firintar tana da dabarar ci gaba bayan an ɗauke wuta, amma kafin a dawo da ita faranti ya huce, siffar ta saki. Da hunturu ƙura ke hana hawan farko kamawa, ka goge faranti da sifirit ɗin kemis kafin kowane bugu, ka rufe taga. Da damina zaren yana shan laima, za ka ji yana ƙara tas-tas a baki yana barin zare-zare. Ka adana shi a bokitin fenti mai murfi da 'yan ƙunshin busarwa na cikin kwalin takalmi. PLA tana fara laushi wajen digiri 60, don haka a watan Maris da Afrilu kada ka bar siffofin a gaban mota ka shiga kasuwa. In kana son gindin ƙarfe da za ka kafa su a kai, kai samfur ɗaya wa maƙeran Panteka su auna da hannunsu, ya fi ka kai musu zane.